Babi na Shida: Rabon Ɗalibi a Cikin Sulusi

A shekarar 1893 Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya a yau, garin masu haƙar kuza ce. Shekara 12 kafin nan, a 1881, gobara ta lashe gidajenta na katako da rufin ganye, kafin shekarar ta fita kuma ambaliya ta share abin da aka sake ginawa. Daga nan ne Turawan mulki suka ce a koma ginin jan bulo. Wanda ya san yadda Jos da Bukuru suka tashi zai gane irin garin da ake magana: baƙi daga ko'ina, kowa kuɗi ya zo nema, kusan babu wanda ya zo da niyyar a binne shi a wurin. A irin wannan gari makaranta ce abu na ƙarshe da ake tunawa da shi, domin mai shirin komawa gida ba ya shuka itacen da sai jikansa zai sha inuwarsa.

Duk da haka a wannan shekarar wasu attajirai uku suka je wa Razdan na Selangor, jihar da garin yake ciki, William Treacher, da maganar makaranta. Akwai Yap Kwan Seng, shugaban Sinawan garin. Akwai Loke Yew, mai ramukan kuza. Akwai Thamboosamy Pillai, jagoran Tamilawa, waɗanda asalinsu kudancin Indiya ne. Razdan ya tuna da wasu kuɗi, fiye da dala 3,000 ta wancan zamani, da aka tara tun 1887 don bikin cikar Sarauniya Victoria shekara 50 a kan gado, suna kwance a baitulmali ba a taɓa su ba. Aka ɗauko su. Sarkin Selangor, Sultan Abdul Samad, ya ba da nasa, attajiran uku suka zuba, gwamnati ta ƙara. Ranar 14 ga Agusta 1893 matar Razdan ta aza harsashi, a watan Yuli na 1894 kuma aka buɗe makarantar da aka sa wa suna Victoria Institution. Musulmi da Hindu da Basine da Kirista suka haɗa kuɗi a kan abu ɗaya, alhali ko maƙabartarsu ba ɗaya ba ce.

Wurin da aka fara gina ta a bakin kogin Klang yake, ruwa yana yawan shiga azuzuwa, saboda haka a 1929 aka mayar da ita kan tudu, inda take har yau a titin Hang Tuah. A zaurenta ne sojojin Japan suka sa hannun miƙa wuya a Kuala Lumpur a watan Satumba na 1945. Sarkin Brunei na yanzu, Hassanal Bolkiah, ya yi karatu a cikinta. Ɗaliban makarantar an kasa su gida-gida don wasanni da gasa, kuma cikin sunayen gidajen akwai Loke Yew, akwai Thamboosamy, akwai Yap Kwan Seng, akwai Sultan Abdul Samad. Yaro ɗan shekara 13 yana ihun sunan mutumin da ya rasu fiye da shekara 100 da suka wuce, yana so gidansu ya ci tseren gudu. Ramukan kuzan Loke Yew kuwa sun daɗe da cikewa.

Labarin Loke Yew ya cancanci a tsaya a kansa. An haife shi a 1845 a kudancin ƙasar Sin, a gidan manoma. Yana ɗan shekara 13 ya hau jirgin ruwa zuwa Singafo, ya yi yaron kanti har ya tara abin buɗe nasa, sannan ya haura arewa zuwa filayen kuza na Perak, daga can ya gangaro Selangor. Bai yi wani karatun kirki ba. Kafin ya rasu ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa kuɗi a Malaya. Ba zan ɓoye wa mai karatu inda wani kaso na dukiyar ya fito ba. A wancan lokaci gwamnatin mulkin mallaka takan sayar wa ɗan kasuwa ikon karɓar harajin giya da caca da ofiyom da gidajen jingina, shi kuma ya mayar da kuɗinsa da riba daga aljihun leburorin ma'adinai. Loke Yew yana cikin manyan masu sayen wannan iko. Musulmi ya san Allah ba ya karɓar sai mai tsarki, don haka ba hanyar tara kuɗinsa muke koyo ba. Abin da muke so daga gare shi shi ne dabarar da ya yi wajen bayarwa.

A 1912 ya ba sabuwar Jami'ar Hong Kong kyautar dala 50,000. Shekara uku bayan haka, a 1915, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, jami'ar ta shiga matsin da ya kusa durƙusar da ita. Sai ya ba ta rancen dala 500,000, babu ruwa, na tsawon shekara 21. Uwar kuɗin tasa ce, za ta koma gidansa. Amfanin da za a samu wajen juya ta cikin waɗannan shekaru na jami'a ne, aka kuma kafa tallafin karatu da sunansa ga ɗaliban da ke zuwa daga Malaya. A farkon 1917 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa, ranar 24 ga Fabrairu na wannan shekarar ya rasu a Kuala Lumpur. Wato shekara biyu kacal ya gani cikin 21. Sauran 19 ɗin kuɗin sun yi ta aiki yana kabari, magadansa kuma ba su yi asarar uwar dukiyarsu ba. A 1956 aka sa wa babban zauren jami'ar sunansa.

Ɗalibin da ya karanta Mukhtasar na Shehu Halilu a zaure zai ga wani abu da ya sani a cikin wannan. A mazhabar Malikiyya ba sharaɗi ba ne hubusi ya zama na har abada. Mutum yana iya tsare gidansa ko shagonsa shekara 10 ko 20, kuɗin hayar ya tafi ga ɗalibai, in wa'adin ya cika dukiyar ta koma hannunsa ko hannun magadansa. Wannan ƙofa ce mai faɗi ga attajirin da yake son lada amma yana tsoron ya bar 'ya'yansa hannu wofi. Tana cikin littattafan da malamanmu suke biyawa kullum, amma da wuya ka ji wanda ya shiga ta.

Duk waɗannan kyaututtuka masu su suna raye suka yi su. Wanda ya ajiye tasa sai bayan ransa, kuma ta yi aiki, sai mun gangara kudu zuwa Singafo za mu same shi, garin da a lokacin yake ƙarƙashin Turawa ɗaya da Kuala Lumpur. Sayyid Muhammad bin Ahmad Alsagoff ɗan gidan Larabawan Halaramautu ne da suka zauna a can. Ya yi cinikin kayan yaji, ya yi jigilar alhazai zuwa Jidda, ya noma ƙasa mai yawa a Kukup da Sarkin Johor ya ba shi. Ya rasu a 1906. A cikin wasiyyarsa ya ware wani kaso na dukiyarsa ya zama wakafi, ya kuma faɗi ayyukan da za a yi da amfaninsa, ciki har da koyar da yaran Musulmi. Shekara shida bayan rasuwarsa, a 1912, aka gina makarantar Alsagoff a titin Jalan Sultan. Ita ce makarantar Islamiyya mafi daɗewa da ke aiki a Singafo, yau ta 'yan mata ce. Mutumin bai ga tubali ɗaya na gininta ba, bai ji muryar ɗaliba ɗaya tana karatu ba. Abin da ya yi shi ne ya zauna yana da lafiyarsa ya rubuta, ya ɗaure abin da ya rubuta a kan dukiya mai kawo kuɗin shiga, ya naɗa waɗanda za su tsaya a kai.

Shari'ar da ta ba shi wannan dama ita ce dai wadda muke bi a Kano da Katsina da Maraɗi, duk da cewa mutanen can Shafi'iyya ne mu kuma Malikiyya. Idan mutum ya rasu, ana fara cire kuɗin likkafani da binnewa, sannan a biya bashi, sannan a fitar da wasiyya, abin da ya rage shi ne gado. Wasiyyar ba ta wuce sulusi, kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yi wa magaji ita sai in sauran magada sun yarda. Asalin wannan iyaka labarin Sa'adu bin Abi Waƙƙas ne, wanda ya kwanta ciwo a Makka yana da dukiya da 'ya mace guda. Ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Ya nemi rabi, aka hana. Aka yarje masa sulusi, tare da nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙo. A lura da hikimar: kashi biyu an killace su don iyali, ba mai taɓa su. Kashi ɗaya an bar wa mutum ya aika da shi gaba yadda ya ga dama. Mai gidaje tara yana da ikon uku. Mai shago uku yana da ikon ɗaya. Mafi yawanmu muna tafiya ba mu taɓa wannan kaso ba, sai ya narke cikin gado, wani lokaci ma ya ƙare a kuɗin lauya da zirga-zirgar kotu.

Kada a ɗauka mutanen Malesiya sun tsira daga wannan. Jaridun ƙasar sun sha ruwaito ƙiyasin cewa dukiyar mamatan da ta maƙale ba a raba ba ta haura ringit biliyan 60, mafi yawanta ta Musulmi. Filaye ne da gidaje da kuɗin banki da mai su ya rasu bai bar rubutu ba, magada suka yi ta jan ƙafa har wasunsu suka rasu, nasu magadan suka shigo, fili ɗaya ya zama na mutum 40 da ba su ma san juna ba. Dalilan da suke bayarwa su ne namu: wai rubuta wasiyya kiran mutuwa ne, wai yara sun san abin da ya dace, wai sai an ɗan huta daga hidima.

Bambancinsu da mu shi ne sun gina wurin da mai niyya zai je. Tun 1921 Turawa suka kafa ofishin amintaccen gwamnati mai riƙon dukiyar mamata, wanda a 1995 aka mayar da shi kamfani mallakar gwamnati da ake kira Amanah Raya, hedkwatarsa a Kuala Lumpur. Mutum zai je a rubuta masa wasiyya, a ajiye ta, in ya rasu kamfanin ya zartar. Wanda ba Musulmi ba dokar wasiyya ta 1959 ce take hukunta shi, yana iya bayar da dukiyarsa duka ga wanda ya so. Musulmi kuwa sulusinsa ne iyakarsa, kuma jihar Selangor, wadda aka yanko Kuala Lumpur daga cikinta a 1974, ta yi wa wasiyyar Musulmi doka ta musamman a 1999. Game da wakafi kuma, doka ta ce majalisar addinin Musulunci ta kowace jiha ita kaɗai ce amintacciya a kansa. A Kuala Lumpur sunan wannan majalisa a taƙaice MAIWP.

Amfanin amintaccen da ba ya mutuwa ana ganinsa a titin Perak, tafiyar ƙafa kaɗan daga tagwayen benayen Petronas. Wani ɗan kasuwa ɗan asalin Gujarat, Ahmad Dawjee Dadabhoy, ya bar fili a wurin a matsayin wakafi, ɗan fiye da eka ɗaya. Gari ya yi ta girma har filin ya tsinci kansa a tsakiyar unguwar da ta fi ko'ina tsada. Majalisar ba ta da kuɗin gina shi, sayar da shi kuma ba ya halatta. Sai ta ƙulla yarjejeniya da Tabung Haji, asusun adashin alhazai da aka kafa a 1963: asusun ya kashe kimanin ringit miliyan 151 ya gina bene mai hawa 34, zai ci hayarsa shekara 25 yana biyan majalisar kuɗin fili, in wa'adin ya cika ginin ya zama na wakafin. An gama shi a 2011, Bank Islam ya shiga haya, masallacin da ke cikin ginin kuma yana ɗauke da sunan mai filin. Da a hannun wani ɗan'uwa aka bar wannan fili da baki, da wuya ya kai shekara 10 ba a sayar ba.

Ban ce tsarin nasu ba shi da aibi ba. Sanya wakafin jiha kaf a hannun hukuma ɗaya yana kawo nawa irin ta ofis, kuma masanan ƙasar da kansu suna kukan cewa filayen wakafi da yawa suna zaune ciyawa ta cinye su. Suna kuma kukan wani abu da ya fi kama da namu: mafi yawan abin da mutane suke tsarewa masallaci ne ko maƙabarta. Mai bayarwa yana son abin da zai gani da ido, abin da za a nuna a ce na wane ne. Majalisar fatawa ta ƙasar dai ta halatta wakafin tsabar kuɗi a 2007, jihar Selangor kuma tana sayar da hannun jarin wakafi a kan ringit 10, don mai ƙaramin ƙarfi ya shiga, a kuma samu kuɗin da za a raya abin da aka riga aka gina.

Raya abin da aka gina shi ne inda maganar ɗalibi take. Ranar 14 ga Satumba 2017, kafin asuba, wuta ta tashi a makarantar haddar Alƙur'ani ta Darul Quran Ittifaqiyah da ke unguwar Datuk Keramat a Kuala Lumpur. Wasu matasa ne suka cinna ta bayan saɓani da ɗaliban. Ɗakin kwanan yana hawan sama, ƙofar fita ɗaya ce kuma a nan wutar take, tagogi an datse su da ƙarafuna. Mutum 23 suka rasu, 21 ɗalibai, biyu malamansu. Allah ya jiƙansu. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin da almajirai 30 suke kwana a tsangaya, ƙofa ɗaya, ga fitila ga tabarmi, ya san wannan labarin bai yi nisa da gida ba. Ƙofa ta biyu, tukunyar kashe gobara, mai gadin dare, rijiyar burtsatse, maganin zazzaɓi, abincin rana, albashin malamin da ba zai gudu ya koma achaɓa ba: waɗannan su ne abubuwan da rayuwar ɗalibi take rataye a kansu, kuma babu ɗayansu da ake kafa wa allon suna. Kullum ana buƙatarsu, wata bayan wata. Kyautar rana ɗaya ba ta ɗaukarsu. Dukiyar da ke haihuwa duk wata ce kaɗai take iyawa.

Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, a gefen Kuala Lumpur, ta fahimci haka da wuri. An kafa ta a 1983, ɗalibai suka riƙa zuwa daga Afirka da Bosniya da Asiya ta Tsakiya, da yawansu 'ya'yan talakawa. A 1999, bayan faɗuwar darajar kuɗin ƙasashen yankin, ta buɗe asusun wakafi na musamman don ɗalibai mabuƙata. Ana tara gudummawa, a zuba ta a kadarori, a biya wa ɗalibi kuɗin makaranta da na abinci daga abin da suka kawo. Akwai kuma tsarin kafala, inda mutum ɗaya yake ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya na shekara. 'Yan arewacin Najeriya da yawa sun yi digiri a wannan jami'a, wasunsu yau suna koyar da tattalin arzikin Musulunci a jami'o'inmu. Sun ga abin da idonsu. Su ne ya kamata su fi kowa zama da alhazan garinsu a kan wannan magana.

Sai dai rubuta wasiyya ma yana da nasa hatsari, domin mamaci ba ya dawowa ya gyara kalma. Stephen Girard, Bafaranshen da ya yi arziki a Filadelfiya ta Amurka, ya rasu a 1831 ya bar kusan dukiyarsa duka ga ayyukan alheri, ciki har da makarantar marayu. An buɗe ta a 1848, tana nan har yau, yara suna karatu da kwana kyauta. Amma ya rubuta cewa marayun su zama maza kuma farar fata. Unguwar da makarantar take ta koma ta baƙaƙen fata, marayunsu suna wucewa ta gindin katangarta ba su da ikon shiga. Sai da aka yi zanga-zanga ta watanni a 1965, Martin Luther King da kansa ya je ya yi jawabi a bakin katangar, aka yi ta shari'a, sannan a 1968 aka ɗauki yara baƙaƙe na farko. 'Yan mata sai 1984. Sharaɗin Girard zalunci ne tun ranar da ya rubuta shi. Amma ko sharaɗi mai kyau yana tsufa. Wanda ya ce a sayi alluna da tawada kawai, ko ya ce sai 'yan unguwa kaza, ko ya ambaci makaranta ɗaya bai faɗi inda kuɗin za su koma in ta rufe ba, ya ɗaure hannun masu riƙon amanarsa a zamanin da shi bai sani ba. A fayyace manufa sarai, a bar hanya a buɗe.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makaranta a Alƙahira, wadda aka sani da makarantar Ibn Rashiƙ, suna aika mata kuɗi don ɗalibansu da alhazansu su samu wurin sauka da karatu. Risala, wadda yaro yake fara fiƙihu da ita, tana da babin wasiyya, tana da maganar hubusi. Alƙalanmu suna da Tuhfa a kan teburinsu. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, Sakkwato da Zamfara suna da irin tasu. Hannun attajiranmu kuma a buɗe yake: a watan azumi ana rabon hatsi da atamfa, ana kai mutane Makka, ana gina masallaci a kowane lungu, har wani lokaci masallatai biyu suna jin kiran sallar juna. A bayan masallacin kuwa ga Islamiyya mai ɗalibai 300, malamanta suna jiran kuɗin wata da bai isa buhun masara ba, yara ana korarsu gida saboda kuɗin jarrabawa. A shekarun baya asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya daɗe yana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a arewa.

Abin da yake faruwa sananne ne. Alhaji yana ɗauke da makarantar unguwa shekara da shekaru daga aljihunsa. Shi ke biyan malamai, shi ke gyaran rufi. In an ce masa, "Alhaji, da an rubuta wani abu saboda gaba," sai ya ce, "Malam, ai yaran nan sun sani, ba za su bari ta lalace ba." Ranar da ya faɗi, a yi sadakar uku, a yi ta bakwai, a yi ta arba'in, a zauna rabon gado. Gidan da makarantar take ciki yana cikin lissafi, domin a takarda nasa ne. Magada 20 ne, wasu suna da bashi, wasu suna da aure a gaba, wasu marayu ne ƙanana da ba wanda yake da ikon yafe haƙƙinsu. Ba mugunta suka yi ba in sun sayar. Haƙƙinsu ne, Allah ya ba su. Wanda yake da ikon ware wa ɗalibai rabo shi ne mai dukiyar, kuma ya tafi bai yi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Malikiyya ma ta ƙara wani sharaɗi da mutane da yawa ba su sani ba, kuma yana rusa niyyoyi masu kyau a gaban alƙali. Idan mutum ya ce ya yi hubusin gidansa yana da lafiya, amma ya ci gaba da riƙe shi, bai miƙa shi ga waɗanda aka yi dominsu ko mai kula da shi ba har ciwon ajali ya kama shi ko ya rasu, hubusin ya ɓaci, gidan ya koma gado. Sai an yi hauzi, wato abin ya fita daga hannunsa a zahiri, shaidu sun gani. In kuwa a cikin ciwon ajali ya yi kyautar, ko ya ce sai bayan ransa, to hukuncin wasiyya take ɗauka, daga sulusi za a fitar. Saboda haka hanya biyu ce. Ko ka bayar yanzu ka cire hannunka gaba ɗaya, a nan babu iyakar sulusi. Ko ka ci gaba da cin amfanin kayanka har ƙarshen ranka, ka rubuta wasiyya a cikin sulusi. Abin da ba ya tsayawa shi ne na tsakiya: faɗa da baki a majalisa, makulli kuma yana aljihu.

Me za a bari? Ba adadin naira ba. A 2015 dala ɗaya ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya rubuta miliyan biyar a 2015 yana ganin ya ɗauki nauyin aji guda, yau darajar kuɗin ta zube ƙwarai. A bar shago a Kantin Kwari ko Sabon Gari, ko gidan haya, ko gona mai ruwa, ko rumbun ajiya a Dawanau, abin da kuɗinsa yake tashi tare da tsadar rayuwa. In ba kadara, a rubuta kaso, a ce sulusi ko rabin sulusi, kada a rubuta lamba. A kuma ware wani abu daga kuɗin shigar don gyaran kadarar kanta kafin a raba saura, domin shagon da rufinsa ya zube ba ya ciyar da kowa. Malamar makaranta mai gida ɗaya da ɗan kuɗin sallama ita ma tana da sulusinta, ko da ɗalibi ɗaya zai riƙe duk shekara.

Sannan a faɗi su wane ne za su ci: marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi na makaranta kaza, maza da mata, a kuɗin makaranta da littattafai da abinci da magani da kuɗin jarrabawa, in makarantar ta daina aiki a mayar ga mafi kusa da ita a manufa. Kada amanar ta rataya a wuyan mutum ɗaya, ko da shi ne babban ɗa ko limamin unguwa. A sa mutum uku ko biyar, ciki har da wanda ya iya lissafi da wanda ba ɗan gida ba, a rubuta yadda za a maye gurbin wanda ya rasu, in da hali a yi musu rajista a matsayin amintattu don takardar filin ta koma sunan amanar. A wajabta musu karanta lissafin shiga da fita sau ɗaya a shekara a gaban iyayen yara da wakilin magada. Shaidu biyu adalai su sa hannu. Kwafi ɗaya ya zauna wajen wasiyyi, ɗaya wajen makarantar, ɗaya a kotu ko hukumar hubusi. Bayan haka mai dukiyar ya tara matansa da 'ya'yansa, maza da mata, a karanta musu takardar yana zaune, domin duk mai ƙorafi ya faɗa a gabansa, shi kuma ya amsa masa da bakinsa.